Tambayoyin da iyaye ke yawan yi min kan littattafan yara masu hoto da labaran kimiyya na matasa

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ni malamar firamare ce a Zariya, kuma shekaru kenan ina da wata kanta ta katako a zauren gidanmu da nake tara littattafai, yaran unguwa suna zuwa aro duk Alhamis da yamma tunda ranar ba islamiyya. Sharaɗina ɗaya ne, in ka dawo da littafi sai ka faɗi yadda ka gan shi, manyan su rubuta da hannunsu a wata rajista mai baƙin bango, ƙananan kuma su faɗa da baki ni in rubuta musu. To tambayoyin da iyaye suke min a bakin ƙofa da ta WhatsApp kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda, kuma yawancin amsoshin daga bakin yaran na samo su.

Malama, wai mene ne ma labarin kimiyyar nan? Ba tatsuniya ba ce aka sa wa kwamfuta?

Suna da dangantaka kam, amma akwai bambanci. A tatsuniya ko littattafan yaƙin nan da samari ke so, in jarumi zai tashi sama sai ya murza zobe ko ya kira aljani, shi kenan ba mai tambayar ta yaya. A labarin kimiyya kuwa dole marubuci ya kawo maka dalilin da zai shiga hankali ko da abin bai faru ba tukuna, misali kumbo ne aka ƙera, ko wata cuta ce ta ɓulla, ko ruwa ne ya ƙare a duniya mutane suka koma saye da awo. Tambayar da yake tsayawa a kai ita ce, da a ce kaza ya faru, yaya mutane za su yi? Wani yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya rubuta min a rajista cewa shi abin da ya sa ya fi son irin wannan shi ne yana iya kama marubucin in ya yi kuskure, a na aljanu kuwa ba ka da bakin magana.

Da Hausa akwai shi kuwa, ko duk na Turawa ne?

Akwai mana, kuma ya girmi yawancinmu. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, kamfanin buga littattafai na NNPC na nan Zariya ya buga shi a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauke mutum a kan wata. Labarin wani yaro ne Kilba da ya haɗu da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, ya ɗauke shi yawo sararin samaniya. Kwafina ya tsufa har na manne bayansa da salatif, amma wallahi ba ya kwana biyu a kanta. Abin da yaran ke cewa game da shi kusan ɗaya ne, wai ashe ana iya zuwa sama da Hausa, don su a tunaninsu in an ce kumbo to Bature ne a ciki. Ƙorafinsu kuma shi ne ya yi gajarta, suna tambayata ina na biyu. Daga wannan littafin ne muka shiga hirar tauraruwa mai wutsiya ta gaske, wadda ake kira Halley, an ga ta a 1986 kuma sai 2061 za ta dawo, nan take suka hau lissafin shekara nawa kowa zai kasance in Allah ya kai mu.

Ba zai taɓa musu aƙida ba? Halittun wata duniya, injin da ke tunani kamar mutum...

Wannan tambayar ba na wasa da ita don nima uwa ce. Abin da na gani dai shi ne yaron da ya tashi yana jin ga ta nan ga ta nanku ya san Gizo bai taɓa auren Ƙoƙi da gaske ba, kuma bai fasa sallah saboda Gizo ba. Haka suke ɗaukar waɗannan, sun san ƙirƙira ce. Inda ake bukatar ido shi ne wasu littattafan da marubucinsu ke cusa ra'ayinsa cewa addini abin da ne, kimiyya ta maye gurbinsa, irin waɗannan nakan karanta su da kaina tukuna, wani in ajiye shi gefe, wani kuma in bayar amma in zauna da yaron mu yi magana bayan ya gama. Sau da yawa ma hirar takan ƙare ne a kan girman halittar Allah, kamar ranar da wata yarinya ta gano cewa hasken rana sai ya yi wajen minti 8 kafin ya iso mana, ta yi shiru can ta ce to wanda ya yi ranar fa.

Wanne ne 'yan sakandaren suka fi rububi a kai?

The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2008, shi ne sai an yi layi. Ƙasa ce da aka raba gunduma 12, duk shekara kowace gunduma dole ta ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya tsakanin shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a daji su kashe juna ana nunawa a talabijin masu kuɗin babban birni suna kallo suna nishaɗi. Kuri'a ta faɗa kan wata 'yar shekara 12 sai yayarta Katniss mai shekara 16 ta ce a ɗauke ta a madadinta. Na zaci faɗan ne zai ja su, sai na ga abin da suka fi rubutawa a rajista shi ne wannan tsayawa da ta yi wa ƙanwarta, musamman 'yan matan da su ne manya a gidajensu, su ke goyo su ke girki. Samarin kuma yunwar da ke cikin labarin ce ta tsaya musu, yadda wasu ke cin abinci har su gaji alhali wasu na farautar abin da za su sa a tukunya, wani ya rubuta cewa ba sai an je nan gaba ba wannan kam ya sani.

Na biyu shi ne Binti na Nnedi Okorafor, marubuciyar da iyayenta 'yan Najeriya ne ta tashi a Amurka. Ya fito a 2015 kuma ya ci kyaututtukan Hugo da Nebula, manyan kyaututtukan wannan fanni kenan. Gajere ne, a kwana ɗaya wasu ke gamawa. Yarinya ce 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya, gwanar lissafi, ta samu gurbin karatu a wata jami'a da ke wata duniyar, danginta ba su yarda ba ta sulale da asuba ta tafi, ta ɗauki jar ƙasar da matan ƙabilarsu ke shafawa a jiki da gashi ta tafi da ita. Kai, wannan littafin ya jawo musu a zaurena fiye da kowanne. Wasu 'yan matan suka ce ta yi daidai, wasu suka ce ko me za a ba ta bai kamata ta fita ba da albarkar iyaye ba, wata kuma ta ce ita abin da ya burge ta shi ne duk da ana kallonta ana ƙyamar ƙasar jikinta a cikin kumbo ba ta goge ba, ta ce kamar lalle ne ko hijabi a inda ba a saba gani ba. Ban raba musu gardamar ba, na bar su har aka kira magariba.

Ita dai wannan marubuciyar tana da wani, The Shadow Speaker na 2007, wanda labarinsa a Nijar yake faruwa a shekarar 2070, jarumar kuma yarinya ce musulma mai suna Ejii. Shi ya haɗa kimiyya da sihiri ne, wasu sun ce ya rikita su, amma ganin sahara da raƙumi da sallah a cikin labarin nan gaba ya sa sun daure sun kai ƙarshe.

Akwai wanda suka kushe?

Sosai ma, kuma ba sa jin kunya. Bayan nasarar The Hunger Games an yi ta fitar da masu kama da shi, irin su Divergent na 2011, to duk wanda ya karanta biyu uku sai ya ce min Malama ai abu ɗaya ne, muguwar gwamnati, yarinya ta musamman, samari biyu ko ɗaya na sonta, a yi tawaye. The Giver na Lois Lowry kuma, na 1993, ƙarshensa ne ke ba su haushi don ba a faɗa ƙarara ko yaron ya tsira ko ya mutu ba, wani ya dawo min da shi yana cewa an cire shafin ƙarshe, sai da na nuna masa haka yake. Amma abin mamaki, shi ne littafin da suka fi dawowa suna maganarsa bayan wata da watanni. Sai kuma ƙorafin da ke fitowa kullum, sunaye da abinci da dusar ƙanƙara da ba su sani ba, da kuma cewa in duniya za ta tashi a waɗannan littattafan kullum a Amurka take tashi.

Ɗana shekararsa 11, in ba shi waɗannan?

The Hunger Games a'a, bari ya kai 14 ko sama, akwai kisa na yara da yara kuma akwai 'yar soyayya da sumba. The Giver ma duk da jarumin ɗan shekara 12 ne akwai wurin da aka kashe jariri da allura, yana da nauyi, a karanta shi tare da babba. Binti ma akwai zubar da jini a cikin kumbon tun kusa da farko. Ɗan 11 a fara masa da Tauraruwa Mai Wutsiya.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke karatu da Faransanci fa?

Su ai suna da Jules Verne, marubucin labaran kimiyya ɗan Faransa, a harshensa na asali, kuma littattafansa sun tsufa har ana samunsu kyauta a intanet. Akwai na tafiya wata na 1865, akwai na jirgin ƙarƙashin teku na 1870. Akwai ma na 1863 da wasu Turawa uku suka ratsa Afirka a cikin balan-balan suka bi ta kan tafkin Chadi har Timbuktu, sai dai wannan a gaya wa yaro tun farko cewa yadda aka siffanta baƙar fata a ciki akwai raini irin na Turawan wancan zamani, kar ya haɗiye shi haka nan.

Mu koma kan ƙanana. Littafin hoto ga tsada ga rubutu layi biyu a shafi, ba asarar kuɗi ba ce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma na gane dalili, mu an saba mana da auna littafi da kaurinsa da yawan baƙaƙensa. Yawancin littattafan hoto shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe babbar takarda a wurin ɗab'i takwas-takwas ko sha shida-sha shida, kuma wasu shahararrun cikinsu kalmominsu ba su kai 400 ba. To amma rabin labarin ai a cikin zanen yake. Bari in ba da misali da Handa's Surprise na Eileen Browne, na 1994. Yarinya ce a Kenya ta ɗauko kwando a ka da 'ya'yan itace 7, su ayaba da gwaba da mangwaro da lemo da abarba, za ta kai wa ƙawarta a wani ƙauye, tana tafiya tana tunanin wanne ƙawar za ta fi so. Rubutun iyakar abin da ya faɗa kenan. A zanen ne kawai za ka ga biri ya miƙo hannu daga bishiya ya ɗauke ayaba, jimina ta ɗauke gwaba, giwa ta ɗauke mangwaro, har kwandon ya zama wayam ita ba ta sani ba. Duk ranar da na karanta wannan zauren sai ya kaure da ihu, yara 'yan shekara 4 da ba su san ko harafi ɗaya ba suna ta ce mata ke waiga, ke waiga, an sace miki! Yaron nan fa karatu yake yi, ya gano abin da ba a faɗa masa ba, ya hango abin da zai biyo baya, kuma ya san wani abu da jarumar ba ta sani ba, irin wannan fahimtar ce muke shan wahalar koya wa 'yan aji biyar da shida. Kuma duk yarinyar da ta taɓa ɗaukar farantin talla ko aka aike ta da kwano a ka ta san tashin hankalin isa wuri ka sauke ka ga ba komai.

Haka Baby Goes to Market na Atinuke, marubuciya 'yar Najeriya, na 2017. Jariri ne a goye uwarsa na cefane a kasuwa, masu sayar da kaya suna ta miƙa masa ayaba 6, lemo 5, cincin 4, shi kuma ya ci ɗaya ya jefa saura a kwandon da ke kan uwar ba ta sani ba. Lissafin ragewa ne fa ake koya musu a nan amma ba wanda ya ji an ce lissafi. Ra'ayin ƙananan a kansa shi ne zanin uwar irin na mamansu ne, kuma jaririn ya yi kama da ƙaninsu.

Hoton abu mai rai fa, ya halatta?

Ni ba malamar fiƙihu ba ce, kuma malamai sun yi saɓani kan zane, don haka kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abin da na sani kuma ya kwantar min da hankali shi ne ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yar tsana, kuma a ruwayar Abu Dawud har da doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya. Da wannan ne malamai da yawa suka sassauta kan abin da ya shafi wasan yara da koyarwarsu. Iyayen da duk da haka ba su natsu ba ina ba 'ya'yansu masu zanen motoci da itatuwa da taurari, ba na jayayya da kowa a kan wannan.

Turancina ba ƙarfi, yaya zan karanta masa?

Hajiya ki buɗe ki kalli hoton ki ba shi labarin da Hausa, shi kenan. Nima haka nake yi ko da na iya Turancin. Akwai wani shahararre na Eric Carle na 1969 kan wata tsutsa mai yunwa da ke cin abinci daga Litinin har Asabar tana huda shafin, ranar Asabar ɗin abincin Turawa ne da yaranmu ba su sani ba, sai in mayar da su ƙosai da alawa da dankali da kankana, ba wanda ya taɓa ƙorafi. Ki riƙa tsayawa kina tambayarsa me kake gani, me kake jin zai faru, in ya kauce ya kama ba ki nasa labarin ki ƙyale shi ya gama.

Na Hausa masu hoto a ina ake samu?

A kasuwa kam sun yi ƙaranci, wannan shi ne babban ciwon da ke damuna. Amma a waya akwai African Storybook da aka faro a Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Indiya, dukansu suna da littattafai da Hausa kyauta kuma an yarda ka sauke ka buga, ni nakan kai shagon kwamfuta a buga min in sa a leda mai tauri. Da yake fassara ce yawancinsu, wani wurin sai ka gyara Hausar da bakinka yayin karantawa. 'Yan Bauchi da Sakkwato kuma ku duba jakar 'ya'yanku ko ku tambayi malamansu littattafan Mu Karanta! da aka raba a makarantun firamare na gwamnati. In kuma kun ci karo da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya wurin masu tsofaffin littattafai kar ku bar shi.

Kullum littafi ɗaya take kawo min, na haddace shi har na gaji.

Ki daure. A karo na goma za ki ga ta fara rigan ki faɗin kalmomin, a na ashirin ta ɗora yatsa a kan rubutun tana bi, daga nan karatu ke farawa. Akwai yaron da ya ari littafi ɗaya sati shida a jere a wurina, ban hana shi ba.

Mai shirin WAEC da JAMB ba ɓata lokaci yake ba da waɗannan?

In jarrabawa ta matso nima nakan ce su ajiye sai an gama. Amma a sauran shekara, abin da na lura shi ne yaran da ke cinye littafi mai shafi 300 don daɗi ba sa tsoron dogon nassi a takardar Turanci, saurinsu daban ne. Kuma tambayoyin fizis da bayoloji da suke zuwa da su bayan sun gama wani labarin, irin me ya sa ba a jin ƙara a sararin samaniya, me zai faru da ƙashin mutum in ya daɗe ba nauyi, malamansu na makaranta ma sun shaida.

To su yaran me suke cewa a rubuta musu?

Na taɓa ware shafi guda a rajistar don wannan kuma ya cika har an juya baya. Ƙananan suna son littafin hoto na hawan sallah da dawakai, da na akuyar da ta ɓata a kasuwar ƙauye, da na ranar da aka yi ruwan farko kowa ya fito tsakar gida. Manyan kuma suna son Kano ko Zariya bayan shekara 100, wani ya ce a rubuta yadda za a yi azumi da ganin wata ga mutanen da ke zaune a kan watan kansa, wata ta ce tana son labarin yarinyar da ta ƙera injin da zai dawo da ruwan tafkin Chadi, wani kuma makiyayi yake so wanda ke kiwon shanunsa da jirgi marar matuƙi. Uku daga cikinsu sun riga sun fara rubuta nasu a littafin makaranta mai shafi 60, ɗaya ta kai babi na huɗu, ta ce kar in bari kowa ya gani sai ta gama, don haka yana nan a saman kantar na ɗora masa ƙamus a kai.